Daga siki zuwa allon zamiya: me ya kamata mai koyo ya fara saya?

Aliyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Shekara 6 ke nan ina zamiya da siki, wato dogayen falankai biyu da ake ɗaurawa ɗaya a kowace ƙafa, a kan dusar ƙanƙara, kuma alhamdu lillahi ina sauka gangara mai alamar ja, wato mai matsakaicin wuya, ba tare da fargaba ba, har mai alamar baƙi da ta fi wuya ma nakan gwada idan dusar tana da laushi. A hunturun da ya wuce ƙanena ya fara koyon allon zamiya, wato sinobod, kuma tun ranar da na ga yadda masu allo suke yanka dusa mai zurfi kamar masu tuƙa kwalekwale a ruwa, sha'awar abin ta shige ni.

Tambayoyina biyu ne. Wane abu daga cikin abin da na iya a siki ne zai amfane ni, wane ne kuma zai zame mini cikas? Sannan me ya kamata in fara saya, tunda abin da na ware ba zai ishe ni in sayi allo da maɗauran da ke riƙe takalmi a kansa da takalmi masu kyau duka a lokaci ɗaya ba? Ina da hular kwano da tabarau da kayan sanyi tun na siki. Nauyina kilo 78, tsayina santimita 176, ƙafata kuma lamba 43 a ma'aunin Turai.

Malam Sani:
Wa alaikumus salam Malam Aliyu. Na daɗe ina koyar da wasannin biyu, kuma masu zuwa daga siki suna da wata riba da ba su cika lura da ita ba. Ka riga ka san dusa. Ka san bambancin wadda ta daskare da safe da wadda rana ta sassauta, ka iya karanta gangara daga sama kafin ka sauka, gudu ba ya razana ka, kuma jikinka ya fahimci cewa bakin ƙarfen da ke gefen abin hawa shi ne birki, shi ne kuma sitiyari. Ka kuma san cewa wanda ya jingina baya saboda tsoro shi abin hawa yake guduwa da shi. Wanda bai taɓa taka dusa ba sai ya ɓata kwanaki kafin waɗannan su zauna masa.

Cikas ɗin kuwa yana cikin tsayuwa. A siki an horar da kai ka fuskanci ƙasan gangara da ƙirjinka, ƙafafu suna juyawa a ƙarƙashinka, kowace da 'yancinta. A kan allo a kaikaice kake tsaye, ƙafafu biyu ɗaure a abu ɗaya, kafaɗunka kuma dole su bi tsawon allon, kai kaɗai ne yake juyawa ya dubi inda za ka. Kusan duk mai siki da na koyar, da zarar ya ji gudu ya ƙaru sai ya murɗa ƙirji ya fuskanci ƙasa kamar yadda ya saba, wannan murɗawar kuma takan ja bayan allon ya karkace, daga nan gefen da ke kallon ƙasa ya ciji dusa, mutum ya tsinci kansa kwance kafin ya san abin da ya faru. Mai siki ya saba da faɗuwar da ake zamewa a kwanta a gefe. A kan allo kuwa fyaɗa mutum ake yi, ko rub da ciki ko da ƙeya.

Saboda haka ka riƙe wannan tun ranar farko: gefen da ke kallon saman tudu shi ne kullum a nutse cikin dusa, na ƙasa kuma a ɗage. Ba a sauya gefe sai hancin allon ya miƙe ya nufi ƙasa. Game da kaya kuma, shawarata ka ɗauki hayar allo na kwana ukun farko, kuɗinka ka zuba shi a takalmi da abubuwan kariya.

Kabiru:
Malam Sani, na yarda da duk abin da ka faɗa kan tsayuwa, amma a maganar haya ina da ja. Allunan haya sukan sha wahala a hannun mutane da yawa. Ni na fara da haya, kuma ranar farko aka ba ni allon da bakin ƙarfensa ya dushe, ƙasansa duk ƙarce, washegari kuma aka ba ni wani daban wanda ya fi shi tsawo da tauri, sai na ji kamar daga farko nake farawa. Mai koyo yana buƙatar abu ɗaya da jikinsa zai saba da shi. Malam Aliyu ba baƙo ba ne a dusa, ya san zai ci gaba da zuwa kowane hunturu, to me zai hana ya sayi allonsa tun yanzu, ko da wanda aka yi amfani da shi ne?

Malam Sani:
Malam Kabiru, abin da ya same ka gyaransa mai sauƙi ne: a ɗauki hayar allo ɗaya na kwana uku a jere, a duba bakin ƙarfensa kafin a karɓa, a kuma rubuta tsawonsa da yadda aka ɗaura maɗauran. Dalilina na cewa ya dakata shi ne, a yau Malam Aliyu bai san ko wace ƙafa zai sa a gaba ba, bai san faɗin tsayuwar da zai ji daɗinta ba, bai kuma san ko dusa mai zurfi ce za ta ja shi ko tsalle-tsalle ba. Mai siki yakan wuce matakin farko da sauri, don haka allon da ya dace da shi a rana ta ɗaya zai iya yi masa laushi da yawa kafin hunturun ya ƙare. Takalmi kuwa ƙafarsa ba za ta sauya ba.

Nafisa:
Ina goyon bayan Malam Sani a kan takalmi, domin ni a jikina na koyi darasin. Kwanana biyu na farko da takalmin haya na yi su, kuma zamewa a gefen allon da ke wajen dunduniya ta zauna mini da wuri, amma duk lokacin da na juya zuwa gefen yatsu sai allon ya ƙi bi na. Ina danna yatsu, ina durƙusar da gwiwa, allon kuwa yana kwance shimfiɗe kamar bai ji ba. Na ɗauka ni ce na kasa. Da yamma mai koyar da mu ta ce in tsaya a ƙasa in ɗaga dunduniyata, sai ga ta tana tashi a cikin takalmin kusan faɗin yatsu biyu, takalmin kuwa ko motsi bai yi ba. Ashe duk ƙarfin da nake sa wa a cikin takalmin yake ƙarewa, ba ya isa ga allon.

Malam Aliyu, ka kula da wani tarko da masu siki suke faɗawa. Takalmin siki na roba mai tauri ne, don haka da ka zura ƙafa a na allo za ka ji kamar an sake ka daga ƙangi, kuma wannan daɗin zai iya sa ka ɗauki wanda ya yi maka yawa. Ka auna tsawon ƙafarka da santimita, kamar yadda aka yi maka lokacin sayen na siki, ka bi wannan awon. Idan ka tsaya a miƙe, ya kamata yatsunka su taɓa gaban takalmin ba tare da sun lanƙwashe ba, idan ka durƙusar da gwiwa kuma su ɗan ja baya, dunduniya tana nan a kafe. Rufin cikin takalmi yakan saki bayan kwanaki na amfani, shi ya sa wanda ya yi maka daidai da walawa a ranar saye zai zama mai yawa daga baya. Ka gwada shi da safar da za ka riƙa sawa, guda ɗaya tak, doguwa kuma ba ta auduga ba, ka yi yawo da shi na aƙalla minti 15 kafin ka yanke shawara. Kuma kada ka sayi takalmin da wani ya daɗe yana sawa, domin cikinsa ya riga ya ɗauki siffar ƙafar mai shi.

Aliyu:
Na gode ƙwarai, Malama Nafisa. Na ga wasu takalman da igiya ake ɗaure su, wasu kuma da wani ɗan faifai da ake murɗawa. Akwai wanda ya fi dacewa da mai koyo?

Nafisa:
Mai faifan shi ne BOA, siririyar waya ce take matse takalmin idan ka murɗa, kuma za ka iya ƙara matsi ko da safar hannu a hannunka. Igiya ta fi ba ka damar matse wani wuri ka sassauta wani, kuma idan ta tsinke sauya ta ba wuya. Idan BOA kake so, mai faifai biyu ya fi, domin ɗaya yana kula da ƙafa, ɗaya da ƙwauri. Amma duk wannan yana bayan dacewar takalmin da siffar ƙafarka. Ka zaɓi mai laushi zuwa matsakaici, ka bar masu tauri sosai tukuna.

Dakta Maryam:
Kafin a zurfafa cikin zaɓen allo, ina so in ja hankalin Malam Aliyu kan abin da nake ganin ya fi komai gaggawa. Raunin da aka fi sani da masu siki shi ne na gwiwa, saboda dogon siki yakan murɗa ƙafa ɗaya ita kaɗai, shi ya sa aka ƙera maɗaurinsa ya saki takalmi idan murɗawar ta yi ƙarfi. Maɗaurin allo ba ya saki, ƙafafu biyu suna tare a kowane hali, don haka gwiwa takan samu sauƙi, amma nauyin faɗuwa sai ya koma kan hannu. Karaya da targaɗen wuyan hannu su ne suka fi addabar masu allo, musamman a kwanakin farko, domin ɗabi'ar ɗan Adam ce ya miƙa tafin hannu ya tare ƙasa idan zai faɗi.

Saboda haka ka nemi makarin wuyan hannu, wanda ake sawa ƙarƙashin safar hannu ko wanda aka ɗinka a cikinta, ka tabbatar safar taka za ta shige a kansa. Ka kuma nemi gajeren wando mai soso da ke kare mazaunai da ƙashin ƙarshen baya, domin duka a wannan wurin yakan hana mutum zama na makonni. Makarin gwiwa ma yana da amfani, tunda mai allo a kan gwiwa yake hutawa idan yana fuskantar tudu.

Faɗuwar ma koyonta ake yi. Idan gaba za ka faɗi, ka dunƙule hannu, ka tara da sangalin hannu gaba ɗaya da gwiwoyi. Idan baya ne, ka sauke haɓa kan ƙirji, ka tsugunna ka bar mazaunai su fara taɓa ƙasa, hannuwa suna jikinka. Hular kwanonka ta siki za ta yi, ƙa'idar ɗaya ce ga wasannin biyu, kuma za ka ga EN 1077 ko ASTM F2040 a rubuce a cikinta. Sai dai idan ta taɓa shan duka mai ƙarfi, ka sauya ta ko da ba ka ga tsaga ba, domin kumfan da ke ciki sau ɗaya yake yin aikinsa.

Kabiru:
Dakta, na ji wasu suna cewa makarin wuyan hannu ba ya hana karaya, sai dai ya tura ta sama zuwa sangalin hannu ko kafaɗa. Shin akwai gaskiya a ciki?

Dakta Maryam:
Ana faɗin haka, Malam Kabiru, kuma akwai faɗuwar da ƙarfinta ya wuce abin da kowane makari zai iya tarewa. Amma irin faɗuwar mai koyo, wadda take zuwa a hankali kuma sau da yawa a rana, makarin yana rage haɗarinta ƙwarai, kuma ban ga dalilin da zai sa a bar shi ba. A zaɓi mai ɗan tsawo da ɗan lanƙwasuwa, wanda ya zauna daidai a hannu.

Usman:
Tunda dai wata rana za a sayi allon, bari in faɗi abin da ya kamata a duba, ko a wurin haya ma zai yi amfani. Tsohuwar dabara ita ce a tsayar da allo a gaban mutum, idan ya tsaya tsakanin haɓa da hanci sai a ce ya yi. Wannan kintace ne kawai, domin allo nauyin mutum yake ji. Kowane kamfani yana fitar da jadawalin nauyi na kowane tsawo, shi za ka bi. A kilo 78 za ka samu kanka wajen santimita 154 zuwa 158, kuma mai koyo ya fi jin daɗin na ƙasa-ƙasa cikin wannan iyaka saboda sauƙin juyawa. Faɗi ma a duba shi: takalmi ya ɗan leƙo kaɗan a kowane gefe, santimita 1 zuwa 2. Idan ya leƙo da yawa yatsu za su riƙa jan dusa a wurin shan kwana, idan kuma allon ya yi faɗi fiye da ƙafa sauya gefe zai yi nauyi. Mai lamba 43 ba ya buƙatar allo mai faɗi na musamman, wannan sai ƙafa ta kai wajen 45.

Inda ra'ayi ya fi rabuwa shi ne siffar allon idan aka kwantar da shi a ƙasa. Akwai mai doro, wanda ake kira kamba, tsakiyarsa a ɗage, yana taɓa ƙasa kusa da hanci da kusa da wutsiya, kuma ka san shi tunda haka aka daɗe ana ƙera siki. Yana riƙe dusa mai tauri sosai, amma ba ya yafe kuskure. Akwai kishiyarsa mai kama da cikin kwalekwale, tsakiyarsa a ƙasa, ƙarshensa biyu a ɗage, wanda ba ya saurin cizon dusa kuma yana yawo a saman mai zurfi, sai dai yakan yi rawa a kan ƙanƙara mai santsi. Sai kuma shimfiɗaɗɗe da masu gauraya siffofin biyu. Ga wanda bai taɓa hawa komai ba zan ce ya ɗauki mai cikin kwalekwale. Ga mai siki kuwa, wanda ya saba jin bakin ƙarfe yana kama dusa, na fi son mai gauraye, doro a tsakanin ƙafafu, ɗagawa a hanci da wutsiya. Taurin allo ana auna shi daga 1 zuwa 10, ko da yake kowane kamfani da nasa ma'aunin, kuma 4 ko 5 zai yi maka.

Kabiru:
Malam Usman, ni da mai cikin kwalekwale na koya kuma ban yi nadama ba. Rage faɗuwa a kwanakin farko ba ƙaramin abu ba ne, mutane da yawa a nan suke karaya su bari.

Usman:
Gaskiya ne, shi ya sa tsarin Malam Sani ya fi dacewa. Allunan hayar masu koyo galibi masu sauƙin kai ne, sai ya yi kwanakin faɗuwar a kansu, daga baya ya sayi wanda zai daɗe tare da shi. Abu ɗaya zan ƙara: idan aka zo sayen maɗaurai a duba ramukan kusoshin allon, domin yawancin alluna jerin ramuka gare su, na kamfanin Burton kuwa dogon layi ne da ake kira Channel, kuma ba kowane faifan maɗauri ne yake hawa kansa ba. A kuma kai takalmin a gwada shi a cikin maɗaurin kafin a biya.

Halima:
Duk an yi maganar saukowa, ba wanda ya taɓo wuraren da mai siki yake wucewa ko tunani bai yi ba, alhali su ne suka fi ba ni wahala. Na farko shi ne lif, wato na'urar da ke kai mutane saman tudu, ko a zaune kan kujera ko a tsaye. Da siki kana miƙewa ne kawai ka zame gaba. Da allo sai ka kwance ƙafar baya, ka tura kanka da ita har wurin hawa, a saman kuma ka sauka da ƙafa ɗaya a ɗaure, ɗayar ka ɗora ta kan allon kana dannanta jikin maɗaurin baya. A nan ne gwiwar mai allo take shiga haɗari, tunda ƙafa ɗaya ce take ɗauke da murɗawar allon duka. Ka yi ta gwada tafiya da ƙafa ɗaya a fili har ta zauna kafin ka hau kujera, kuma ka sa a manna maka ɗan faifan roba mai ƙurzunu kusa da maɗaurin baya don kada takalmi ya zame. Lif ɗin da yake jan mutum yana tsaye ya fi na kujera wuya a kan allo, ka jinkirta shi.

Na biyu shi ne shimfiɗaɗɗiyar hanya. Babu sanduna a hannunka yanzu, idan gudu ya ƙare sai ka kwance ƙafa ka tura. Dole ka koyi hango irin waɗannan wurare daga nesa ka tara gudu, kuma a nan ne allo yake kwance shimfiɗe, inda cizon gefe ya fi saurin zuwa, don haka ka ɗan danna gefe ɗaya ko yaya.

Na uku kuma na tsaro ne. Mai allo yana da ɓangaren da ba ya gani, wato bayansa, musamman idan zai sha kwana zuwa gefen dunduniya, sai ya waiwaya ya dubi sama tukuna. Kuma tunda tsayawa cak a kan allo da wuya, za ka riƙa zama a dusa. Dokoki goma na FIS, hukumar wasan siki da allon zamiya ta duniya, sun hana tsayawa a ƙuntataccen wuri ko inda mai zuwa daga sama ba zai hango ka ba, kuma mutum a zaune ya fi ɓuya a bayan tudu fiye da na tsaye. Ka zauna a bakin hanya.

Aliyu:
Allah Ya saka da alheri, Malama Halima, wallahi ban taɓa kawo maganar sanduna a raina ba. To yaya zan gane ƙafar da zan sa a gaba? Ni badame ne.

Malam Sani:
Hannun da kake aiki da shi ba ya yanke wannan hukunci. Ka sa safa ka ɗan ruga ka zame a kan daɓe mai sulɓi, ƙafar da ta wuce gaba da kanta ita ce mai yiwuwa. Hagu a gaba ana ce masa regula, dama a gaba kuma gufi, babu wanda ya fi wani. Ka ce a ɗaura maka maɗauran da ɗan faɗi fiye da kafaɗunka, ƙafar gaba ta karkata digiri 15 zuwa hanci, ta baya kuma ta ɗan karkata zuwa wutsiya, kamar digiri 6 ko 9. A yawancin maɗaurai kowane zane a jikin faifan digiri 3 ne. Da wannan tsari za ka iya gwada ɓangarorin biyu a ranar farko.

Kuma ina roƙonka ka ɗauki darasi, ka fara daga filin yara. Na san yana da nauyi ga wanda ya saba da gangara ja ya koma can, amma matakan ba sa tsallakuwa: zamewa a gefen dunduniya kana kallon ƙasa, zamewa a gefen yatsu kana kallon tudu, kai-da-kawo hagu da dama kamar ganye mai faɗowa, sannan shan kwana ɗaya-ɗaya, sannan haɗa su. Kada ka daɗe a matakin ganyen, na ga mutanen da suka maƙale a gefen dunduniya hunturu guda saboda ya fi musu kwanciyar hankali. Kuma ka zaɓi ranar da dusa take da laushi, ko ka fito da hantsi bayan rana ta sassauta ta.

Kabiru:
Tunda maganar ɗaurewa da kwancewa ta taso, me za ku ce game da maɗaurin Step On, wanda Burton ya fitar a 2017? Takawa kawai ake yi ya kama, babu zama a dusa ana jan maɗauri. Ina ganin mai siki zai ji kamar a gida yake.

Nafisa:
Yana aiki, Malam Kabiru, kuma masu amfani da shi suna yabawa. Damuwata ita ce sai da takalmin da aka yi dominsa yake aiki, wannan kuma yana taƙaita zaɓin takalmi, alhali mun ce dacewar takalmi da ƙafa ita ce gaba da komai. Idan ya gwada ya samu wanda ya zauna masa daidai a cikinsu, babu laifi. Amma idan zai riƙa hayar allo, ya sani cewa ba ko'ina ne zai samu irin wannan maɗaurin ba.

Usman:
Ƙarin bayani ga Malam Aliyu, tunda zai riƙa sauyawa tsakanin wasannin biyu. Allon zamiya sabon abu ne idan aka kwatanta da siki. A 1965 ne Sherman Poppen ya haɗa siki biyu wuri ɗaya don 'ya'yansa a jihar Mishigan ta Amurka, a 1977 Jake Burton Carpenter ya fara ƙera alluna a jihar Bamont, wasan kuma bai shiga gasar Olamfik ba sai a Nagano ta Japan a 1998. Wuraren zamiya da yawa sun daɗe suna hana masu allo shiga, kuma har yanzu Alta da Deer Valley a jihar Yuta, da Mad River Glen a Bamont, masu siki kaɗai suke karɓa. Don haka kada ka rabu da sikinka.

Aliyu:
Assalamu alaikum. Na dawo in ba ku labari bayan kwana uku a kan allo. Na sayi takalmi mai faifai biyu bayan na gwada guda biyar, kuma wanda ya zauna mini ya gaza lambar takalmina na yau da kullum da rabi. Na sayi makarin hannu da wandon soso, na ɗauki hayar allo ɗaya mai santimita 155 na kwanakin duka. Ashe ni gufi ne.

Ranar farko gefen dunduniya ya zo da sauri, har mai koyarwar ya ce da gani na san aikin bakin ƙarfe. Da rana ta biyu kuwa abin da Malam Sani ya faɗa ya same ni daidai yadda ya kwatanta. Na sha kwana sau uku a jere lafiya, gudu ya ɗan ƙaru, sai na ji ƙirjina ya juya ya fuskanci ƙasa da kansa, hannayena suna laluben sandunan da babu su, kafin in ankara gefen dunduniya ya cije ina kan gefen yatsu, na faɗi ta baya har ƙeyata ta bugi dusa. Hular da wandon sun yi aikinsu, na tashi ba rauni. Bayan nan mai koyarwar ya sa na kama gefen wandona da hannun baya, hannun gaba kuma yana saman hancin allon, kuma wannan kaɗai ya daidaita kafaɗuna. A rana ta uku na sauko gangara mai alamar shuɗi, wato mai sauƙi, daga sama har ƙasa ina shan kwana a jere, na faɗi sau biyu kacal, duka a wurin sauka daga lif.

Matsalar da ta rage ita ce ƙafata ta baya tana gajiya sosai, cinyar har zafi take, kuma kwanar gefen dunduniya tana fita da kakkarwa, allon yana tsalle-tsalle a ƙarƙashina.

Malam Sani:
Madalla, Malam Aliyu, na ji daɗin wannan labari. Matsalolin biyu tushensu ɗaya ne: nauyinka yana komawa baya a farkon shan kwana, kuma a gefen dunduniya kana miƙe gwiwa kana turo mazaunai waje maimakon ka zauna a kan allon. Ka fara kowace kwana da gwiwar gaba, ita take murɗa allon, ƙafar baya ta biyo daga baya. Sannan ka duba madogarar da ke bayan maɗauri, wadda sharaɓarka take jingina da ita, akwai ɗan makulli a bayanta da yake ƙara mata karkata zuwa gaba. Allunan haya galibi a miƙe ake barin ta. Ka ƙara mataki ɗaya ko biyu a ƙafafun biyu, za ta tilasta maka durƙusar da gwiwa. Idan ka koma, ka yi zagaye biyar na farko a gangara mai sauƙi kana ƙirga daƙiƙa biyu hancin allon yana kallon ƙasa kafin ka sauya gefe, sannan ka gaya mana ko kakkarwar ta ragu.

Aliyu:
Zan gwada haka in sha Allahu ranar Asabar, kuma zan roƙi a ba ni allo mai gauraye mai santimita 157 in ji bambancinsa da wanda na saba kafin in yanke shawarar saye.